Ka Juyo Min da Shi

Ko na manta sunana, ba zan manta ranar da mahaifiyata ta roƙe ni in juyo mata da ɗanta ba.

Zamanin Turawa ne, ina aikin zanen taswira a ofishin gandun daji na Birnin Gwari. Wata rana aka kawo majigi garin, mai kula da injin ya nuna mini zaren fim ɗin a hannunsa. Sai na ga ashe hotuna ne ƙanana a jere, kowanne ya ɗan bambanta da na gabansa. Tun daga nan hankalina ya tafi. Na samu wani tsohon littafi da aka yar a ofis, na riƙa zana mutum a kusurwar kowane shafi. In na saki shafukan da babban yatsa, sai mutumin ya kama tafiya.

Ina da wata ɗabi'a da nake taƙama da ita. Ba na kallon fuskar mutum, bayansa nake bi in ga yadda yake jefa ƙafa. Nakan ce fuska kowa na iya zana ta, tafiya ce sai gwani. Girman kai ne kawai irin na ƙuruciya.

Wanda na fi zanawa shi ne ƙanena, autanmu, manomi a Kutemeshi. Yana ɗan ɗingisa ƙafar hagu tun da kututture ya soke shi a daji. Na zana shi shafi shafi, fartanya a kafaɗa, ya ba ni baya ya nufi gona. Da na nuna masa sai ya kwashe da dariya ya ce, "Yaya, duk jikina ba ka ga abin zanawa ba sai ƙeya?"

Da yaƙin duniya na biyu ya yi zafi, aka ɗebi samari aikin dole a ma'adinan kuza, har da shi. Bayan watanni wani ɗan garinmu ya dawo da labarin cewa ciwon ƙirji ya kashe shi, a can aka binne shi. Ko hularsa ba ta dawo ba.

Inna ta daina cin abincin kirki. Don in ɗebe mata kewa, na kai mata littafin na saki shafukan a gabanta. Ta ga ɗingishin nan, ta dafe ƙirji ta ce, "Shi ne, wallahi shi ne!" Ta sa na maimaita har yatsana ya gaji. Sannan ta kama hannuna ta ce, "Kai da ka iya sa shi tafiya, ka juyo min da shi in ga fuskarsa."

Na ce mata to. Takarda ta yi wuya a shekarun nan, littafin kuma ya cika. Sai na ɗauki roba na goge zanen, da nufin in sake shi yana juyowa. Ban ko yi jinkiri ba, don na yarda da hannuna ƙwarai.

Da na zo kan fuska sai fensir ya tsaya. Mutumin da muka tashi ɗaki ɗaya, na kasa tuna yadda idonsa yake. Na zana na goge, na zana na goge, har takardar ta huje. Na koma in maido da tafiyar, ita ma ta ƙi, domin babu wanda zan bi a baya kuma.

Haka na kai mata abin da ya samu. Ta kalli baƙon da ya juyo yana kallonta, ta ce, "Wannan ba nawa ba ne. Maido min da wancan mai tafiyar, ya ishe ni."

Na rufe littafin na fita da shi. Ita kuwa ba ta sake tambaya ba har ta rasu, kuma shirun nan nata ya fi mini zagi ciwo.

Na ci gaba da zane har tsufa, amma ban ƙara goge abin da ke hannuna don kwaɗayin wanda ya fi shi ba. Kuma duk wanda nake ƙauna, in ya zo yi mini sallama, sai na kalli fuskarsa da kyau kafin ya juya.