Sai Kin Ga Uwarki

'Yata tana da shekara bakwai muka tura ta Damagaram hutun damina, wajen Innata. A Lyon aka haife ta, Hausar bakinta kuwa ba ta wuce ta gaisuwa da neman abinci ba. Faransanci ne Allah ya hore mata. Daga ƙofar makaranta har mu iso gida bakinta ba ya rufuwa: wa ya ture wa, wace malama ce ta sake takalmi, me kifin ajinsu ya ci. Ubanta yakan ce rediyo muka haifa, an manta ba a sa masa makashi ba. Muka ce ta je ta zauna cikin dangi kunnenta ya sha Hausa, ta dawo kafin a koma makaranta. Na saya mata jan takalmi mai igiya da ta daɗe tana nacinsa, wata ƙawata mai tafiya gida ta tafi da ita.

Ba ta daɗe da sauka ba sojoji suka karɓi mulki a Yamai. Ina wurin aiki, ɗakin awon jini na wani asibiti, abokiyar aikina ta miƙo mini wayarta ta ce, ba ƙasarku ba ce wannan? Da fari ban tsorata ba. Juyin mulki ba baƙonmu ba ne, tun ina yarinya nake jin kiɗan soja a rediyo, a rufe kasuwa yini ɗaya, gari na wayewa mai ƙosai ta hura wutarta. Abin da ban taɓa gani ba shi ne fushin maƙwabta.

Wanda ya dubi taswira zai ce ƙasarmu babba ce. Mu da aka haifa a ciki mun san iyakar girmanmu. Ba mu da teku. Shinkafa da maganin asibiti sai sun sauka a Kwatano sun hau babbar mota kafin su iso mana. Wutar lantarki daga Nijeriya ake jawo ta. Kakana a kan jakuna yake kai gyaɗarsa Kano, don can jirgin ƙasa ya tsaya bai ƙaraso wajenmu ba, kuma har gobe a kasuwar Magarya naira ta fi sefa yawo. Gida ne da kowace ƙofarsa take buɗewa cikin tsakar gidan wani. A wannan damina maƙwabtan kudu suka rufe nasu ƙofofin, suka yanke wuta, suka fara maganar turo soja. Namu sojojin su ma suka rufe sararin sama. 'Yata tana ciki.

Da na ji Faransa ta aika jirage su kwashe mutanenta, na buga lambar da aka bayar. Matar da ta ɗauka ta tambaye ni fasfon yarinyar. Na ce a nan Lyon aka haife ta, a nan take makaranta, ba ta san wani gida ba. Ta saurare ni cikin ladabi har na gama, ta sake tambayar fasfon. Irin nawa ne, na ƙasarmu. Ta ba ni haƙuri.

Daga nan na daina cin abincin kirki. Wayar Inna sai an kai caji wajen mai janareta, don haka magana ta koma gajeriya. Maigidana ya tare gaban talabijin yana yi mini sharhin wace ƙasa za ta bi bayan wace, ni kuwa abu ɗaya na sani: in sojan kudu zai shigo, garinmu na bakin hanya. Wata rana yarinyar ta ce mini yaran unguwa suna kiranta 'yar Faransa, wani har ya jefe ta da ƙwallon mangwaro. Ta ba ni labarin tana dariya, ni na zauna a ƙasan kicin na yi kuka.

Ran Asabar na hau jirgin ƙasa zuwa Paris, ba don na san abin da zan yi ba. A Château Rouge, unguwar da 'yan wajenmu suke kasuwanci, labarin hanya yake fara sauka, wajen masu kai saƙo da masu kawo daddawa. Na shiga shagon atamfa na wani Alhaji Bakano da muka saba shekara da shekaru. Kanawa da Damagarawa abokan wasa ne tun kakanni. Mu muna ce musu bayinmu matsorata, su suna ce mana ƙauyawa, kuma duk abin da aka faɗa ba a fushi. Ban taɓa shiga shagon nan na fita ba mu yi ba. Yana hango ni ya daka tsawa don kowa ya ji:

"Ga 'yan duhu sun iso! Yaya, an samo kyandir? Mu muka kashe muku fitila, kuma sai kun zo kun durƙusa za mu kunna."

Da a wata rana ce, da na ce masa kakanninsa a bayan ganuwa suka ɓoye da suka ji kugen yaƙin Damagaram. Ranar nan wani abu ya tsinke mini. Na buga hannu a kan teburinsa har atamfofi suka zube. Na ce ƙatuwar ƙasa ku rasa wanda za ku gwada wa ƙarfi sai mu? Shanun da kuke yankawa namu ne, albasar miyarku tamu ce, yau ku ne masu kashe wa jarirai wuta a asibiti? Na faɗi wasu maganganun da ba zan rubuta ba. Matan da ke taya zane suka juyo suna kallona.

Alhaji bai rama ba. Ya jawo kujera ya ce in zauna, ya miƙo mini ruwa, ya jira na sha. Sannan ya ce, "Hajiya, wa kika bari a can?"

Na gaya masa. Ya cire hularsa ya shafa kai ya mayar.

"To ai 'yar baiwata dukiyata ce," in ji shi. "Ba na barin dukiyata a hannun Damagarawa. Fushin da kika yi kuma akwai tara, kilishi za ki biya."

Nan take ya kira ƙanwarsa a Kano, wata Hajiya mai fataucin turaren wuta tsakanin Kano da Damagaram. Na ji muryarta ta lasifika tana cewa iyaka a rufe take ga mai babbar mota, amma manomin da rabin gonarsa ke nan rabi can, wa zai rufe masa? Za ta shiga ta Ɓaɓura ta ɗauko yarinyar, shi kuma Alhaji dama yana da tafiya gida sarin kaya, sai ya taho da ita.

A jirgin komawa Lyon tsoro ya sake sabon salo. Zan ɗauki 'yata in damƙa wa matar da ban taɓa gani ba, ta ratsa daji da ita a kan babur. Maigidana ya ce mu jira a buɗe sama. Na ce in aka fara harbi kafin nan fa? Ya ce in aka tare su a daji fa? Kowannenmu yana da gaskiya, shi ya sa muka yi faɗa sosai. Inna ce ta raba mu ta waya. Ta ce, "Ku bar ta ta tafi. Bakano ya zage ka da safe, amma ba ya cin amanar abokin wasansa." Muka sa hannu a takardar izinin tafiya, muka ba Alhaji.

Ranar da za su ƙetare ina wurin aiki, waya cikin aljihun rigata, ina taɓa ta kamar mai ciwon haƙori da harshensa. Babu layi a hanyar. Sai bayan la'asar Hajiya ta kira ta ce sun shiga Nijeriya, gero ya fi mutum tsayi, ba wanda ya tsayar da su sai wasu 'yan sintiri, ta ce musu jikarta ce. Na ce ta ba ni yarinyar. Na kwarara mata tambayoyi da Faransanci. Sai numfashinta nake ji. Can ta ce da Hausa, a hankali, "Lafiya lau, Mama."

Haka aka yi ta yi duk kwanakin da ta zauna a Kano tana jiran jirgi. Wayar Hajiya ƙarama ce mai maɓalli, ba ta nuna hoto. In kira, in yi surutu, in yi waƙar makarantarsu, amsa ɗaya ce: lafiya lau, Mama. Yarinyar da sai an roƙe ta take yin shiru! Na tambayi Hajiya ko wani abu ya faru a hanya, ta rantse ba komai, tana ci tana barci, yarinya ce mai kunya. 'Yata ba ta da kunya ko ta sisin kwabo. Babu mugun tunanin da bai ziyarce ni ba a kwanakin nan, kuma ban iya gaya wa ko ubanta abin da nake zargi ba.

Da safe jirginsu ya sauka a Paris, ina can ina jira. Na hango hular Alhaji tukuna, sannan ita a gefensa cikin ɗan hijabi, da lalle a hannu, da silifa na roba da suka fi ƙafarta. Tun daga nesa ya fara: "Ga kayanki nan, 'yar ƙauye. Ashe bebiya kuka haifa? Daga Kano har nan ko tari ba ta yi mini ba."

Na durƙusa na rungume ta, ina laluben jikinta ko zan ji ciwo. Ta ja da baya kaɗan, ta dube ni sosai, ta kawo bakinta kunnena. Da 'yar Hausarta ta ce, "Hajiya ta ce yaren can in ya zo, in haɗiye. Mutanen hanya kada su ji. Sai na ga uwata." Ta numfasa. "Na gan ki. In yi?"

Na gyaɗa kai.

Abin da ta fara gaya mini da Faransanci, muryarta a dishe, shi ne jan takalminta ɗaya ya suɓuce a kan babur ya faɗa cikin gero. Ta ga inda ya faɗa. Ta so ta ce a tsaya, amma ba ta san yadda ake faɗin haka da Hausa ba.