Ranar da Kwamfuta Ta Kira Kawu Bitrus Ɓarawo

Duk wanda ya taɓa shiga shagon buga takardu na Kawu Bitrus a bayan tasha ya san fankar shagon ba ta mutane ba ce. Ta Tsohuwa ce, wato kwamfutarsa. Ga zafin Kwantagora, kana zufa sharkaf, fanka na can tana yi wa akwatin ƙarfe fifita. In ka yi ƙorafi ya ce, "Kai in ka ji zafi sai ka sha ruwa. Ita fa?"

Ni ɗan ƙanwarsa ne. Tun da na yi ɗan kwas ɗin kwamfuta ya laƙaba mini Injiniya, ni kuma don rashin ta-ido nake amsawa har da gyara wuyan riga.

Abin alfaharinsa a duniya shi ne lasisin babbar manhajar da ke tafiyar da Tsohuwa. Na gaske ne, da guminsa ya saya. "Tsarin sujadar coci, katin biki, gayyatar walima, duk na buga," in ji shi, "babu harafi ɗaya na sata."

Da Tsohuwa ta fara sumewa ana tsakar aiki, 'ya'yansa suka saya masa sabuwa. Na ce, "Kawu, akwai manhaja ta bayan fage, kyauta. Kafin ka shanye kununka na saka."

Takalminsa ne ya ba ni amsa. Dattijo, amma saiti kamar maharbi!

"Lasisina za ka ɗauko ka mayar can. Mutum in ya sake gida, barin akuyarsa yake yi?"

Na naɗe hannun riga, na zuba manhaja a sabuwa, na shigar da lambar lasisi ina ɗaga kafaɗa, don akwai 'yan mata biyu suna jiran katin biki. Sai ga wani ɗan rubutu a kusurwar allo: ba a tabbatar da lasisi ba. Da bakina na fassara masa, don in nuna Turanci.

"Ɓarawo ta ce da ni? A shagona? Gaban mutane?"

Ya yanko filasta ya manne wurin. Ya zauna, ya kasa zama, ya ce rubutun na nan a ƙarƙashi, Allah na gani. Ya sallami 'yan matan, ya tura ƙofa, ya ce ba zai ƙara buga komai ba sai an wanke sunansa.

Dole muka kira kamfanin a waya. Muryar mace ta ɗauka, irin wadda aka naɗa a na'ura. Kawu ya cire hula.

"Ina wuni, Madam? Ya iyali?"

"Kawu, inji ne fa!"

"Inji ba ya son gaisuwa?"

Muryar ta tambaya a kwamfuta nawa lasisin yake. Na kai yatsa zan danna ɗaya, ya damƙe hannuna.

"Yana jikin Tsohuwa har yanzu?"

"Yana nan, amma wa zai sani?"

"To, biyu ke nan. Kashe wayar."

Ya sa na kunna Tsohuwa in goge mata manhajar gaba ɗaya. Ya san daga nan ba za ta ƙara farkawa ba. Ya juya mana baya yana kallon bango, wai ƙura ce ta shiga masa ido. Na danna, na goge.

Muka sake kira, na danna ɗaya, rubutun ya ɓace. Sai ji na yi wani ya ce, "Mun gode, ranki ya daɗe, a gaida gida." Ashe ni ne, Injiniya guda, har da rusunawa! Har Kawu ya bar duniya, in ya gan ni sai ya ce, "Ya Madam ɗinka?"

Bayan rasuwarsa kwamfutar ta dawo hannuna. Bara na sayi wata, na mayar da lasisin, kuma sai da na goge waccan tukuna, ni kaɗai a ɗaki, ba mai jifa da takalmi. Fankata ma yanzu kwamfutar take kallo, matata na ta mita. In na kunna, sunansa ne ke fitowa, na kasa canzawa.

Kawu, sunanka na nan a wanke. Ubangiji ya ba ka hutawa a inuwa mai sanyi. Amin.