Sunan da Ban Kira Ba

A Libreville na haifi ɗana na fari. A unguwar Awendjé ya girma, cikin yaran da uwayensu ke ƙwala musu kira da suna tun daga bakin titi. Ni kuwa yadda na tashi na tarar a gidanmu, uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari. "Kai" nake ce masa, a gaban mutane kuma "yaron nan". Ban taɓa zaunar da shi na gaya masa dalili ba. Na ɗauka abu ne da ake sha a nono.

Da ya samu gurbi a makarantar sojan ruwa a wata ƙasa, saura kwana biyu ya tafi, ya same ni da hantsi a bayan shago ina tsintar wake, ruwan sama na dukan kwanon rufi. Ya zo da littafinsa mai hotunan jiragen da ke tafiya a ƙarƙashin teku.

"Mama, kin san su ma raɗa musu suna ake yi? Wasu ƙasashe sunan kifaye suke sa musu, wasu na garuruwa, wasu na mazajensu da suka rasu."

Na ce, "To, har da yankan rago?"

Ƙanwarsa da ke wanke-wanke ta kwashe da dariya. Shi murmushi kawai ya yi. Ya ce, "Dangi-dangi ake ƙera su, iri ɗaya. Wanda aka fara ƙerawa, da sunansa ake kiran dangin duka. Duk mai son ambaton ƙannen sai ya bi ta sunan na fari."

Ya rufe littafin.

"Ni kuwa ban taɓa jin nawa a bakinki ba. Ina ƙarami na ɗauka wani laifi na yi miki. Ki kira ni sau ɗaya kafin in tafi."

Na ji kamar an yaye mini zane a kasuwa. Na ce, "Kai, tashi ka ba ni wuri, ba a haka." Har da 'yar dariya na haɗa don in rufe zancen. Yau in na tuna, wannan dariyar ta fi komai yi mini nauyi. Da gaske yake roƙona, ni na mayar da shi wasa a gaban ƙanwarsa.

Ranar tafiya muka raka shi filin jirgi a taksi. Ya yi sallama da babansa, ya zo ya durƙusa a gabana, bai tashi ba. Na san abin da yake jira. Sunan ya zo har kan harshena, na kalli babansa, na kalli maƙwabtan da suka biyo mu.

Na ce, "Allah ya kiyaye hanya."

Ya ce amin, ya ɗauki jakarsa. Tun da ya tafi, duk Juma'a yana bugo mini waya, mu gaisa, ya tambayi shago da ciwon ƙafata. Bai sake roƙona ba.