Wasiƙar da Na Ɓoye Kwana Goma Sha Uku a Aljihuna

A lokacin da wannan abu ya faru ina da shekara arba'in da takwas, ina sauke kayan lambu daga kamiyo, wato manyan motocin kaya, a kasuwar Rungis ta Paris, kuma ban iya karanta ko sunan titin da nake zaune ba. Yau ga shi da hannuna nake rubuto muku, da bik shuɗi, a kan teburin kicin ɗinmu. In kun ga kuskure ku gyara mini, amma don Allah kada ku rage mini murnata, domin sati biyar na yi ina haɗa waɗannan layuka, kuma duk ranar da na cika shafi sai na tashi na zagaya ɗaki kamar yaro ranar salla.

Shekara ashirin na yi a Paris ba wanda ya gane ban iya karatu ba, ko kuma haka na zata. Jirgin ƙarƙashin ƙasa da launi da lamba nake gane shi. Kwalayen kasuwa da hoton da ke jikinsu. In wasiƙa ta zo gida sai in buɗe ta a gaban matata, in ɗaure fuska, in gyaɗa kai, in ce mata ba komi. Ran Asabar in kai wa wani ɗan garinmu mai sayar da kayan waya a Porte de la Chapelle, ya karanta mini, in saya masa kofi. Matata ta yi lakwal, wato makarantar boko, shekara shida a Damagaram, amma a gidanmu takarda ta maigida ce, ban taɓa miƙa mata ko ɗaya ba.

Ita kuwa tana gyaran ɗakuna a wani otel, ƙarƙashin wani kamfanin shara. Shekara biyar tana wannan aiki, kuma tana son sa fiye da yadda na fahimta a lokacin. Takan ce shi ne abu na farko a ƙasar nan da aka rubuta sunanta a kai ba tare da nawa ba. Shekara goma sha shida da aurenmu Allah bai ba mu haihuwa ba. Sau biyu ta yi ciki yana zubewa. Na biyun, ni ne na kasa riƙe farin ciki, na buga waya gida na sanar da kowa tun yana wata biyu, da ya zube sai tsofaffi suka ce baki ne, ba a faɗin ciki sai ya faɗi kansa. Don haka ranar da ta raɗa mini cewa ta sake samun ciki, na yi sujada a tsakar ɗaki, na tashi ina dariya ina hawaye, sannan na sa ta yi mini alkawarin ba mahaluƙin da zai ji. Ba uwarta, ba ƙawayenta, balle shef ɗinta, shugabarta ta wurin aiki.

Laulayi ya kama ta sosai. Warin ruwan jabel da suke wanke banɗaki da shi yana tayar mata da zuciya, ta fara makara, ɗakunan da take gamawa kafin azahar suka koma har la'asar. Shef ta tambaye ta sau da yawa me ke damunta, tana cewa ba komi. Da aka kira ta buro, wato ofis, don a saurare ta kafin a yanke hukunci, ta tambaye ni ko ta faɗa musu gaskiya. Na ce a'a, ta yi haƙuri, mun yi haƙurin shekara goma sha shida, ba za mu lalata shi saboda aikin shara ba. Ta je ta zauna gabansu ta yi shiru. Suka ce ta koma gida ta jira takarda.

Da yake da safe nake dawowa daga aiki, ni mai kawo wasiƙu ya tarar a ƙofa ran wata Litinin, ita tana ciki tana barci. Rekomande ce, irin wadda sai an sa hannu. Na yi ɗan zanen da nake kira sa hannuna, na ga tambarin kamfaninsu a kusurwa. Na ce a raina in ta ga wannan hankalinta zai tashi, cikin ya zube. Na naɗe ta na cusa a aljihun cikin rigar sanyina. Kullum sai ta tambaye ni ko takarda ta zo, kullum ina cewa shiru. Ran Asabar har na je Porte de la Chapelle, na hango ɗan garinmu yana ciniki, sai na tuna matarsa ba ta kwana ba ta yi waya da gida ba. Na juya na dawo da wasiƙata yadda na tafi da ita.

Ran Lahadi ta biyu muka tafi Lyon bikin suna, an yi wa yayana jika a Rillieux-la-Pape. Yayan nan nawa yana da ɗiya lauya, haifaffiyar nan, tana aiki da wata ƙungiya mai tsaya wa mata a kotu, da duk wanda aka wulaƙanta saboda jinsinsa. Mu maza mun daɗe muna tsokanar ta. Ina shiga na ce ga lauyar mata nan, maza a ɓoye hula. Ta amsa da Hausarta mai gauraye da Faransanci, wai Tonton, wato baffa, in ci gaba da dariya, ranar da Tanti, matata ke nan, ta kawo ƙarata ita za ta tsaya mata, kuma kyauta. Aka yi ta dariya har da ni, wasiƙa na nan a ƙirjina.

Da aka shigo da naman rago sai matata ta toshe hanci ta fita da sauri, ɗiyar yayana ta bi ta. Ba su yi minti ashirin ba ta leƙo ɗakin maza ta ce tana son magana da ni a matakala. A can ba ta ce mini Tonton ba, Baba ta ce, kuma ban taɓa jin ta kira ni haka ba sai ranar. Ta ce ba wanda ya gaya mata komi, ita mace ce, tana da ido. Ta ce kamfani ba ya yin sati uku bai aiko takarda ba, in dubi Allah in gaya mata inda take. Na zaro ta, duk ta yi laushi da gumi. Ta ce in duba mata ranar da aka rubuta a sama. Na buɗe, na ɗaure fuska kamar yadda na saba, na gyaɗa kai. Sai dai ita ba ba komi take jira ba, rana take jira. Na yi ta kallon takardar, matata na bayanta jingine da bango. Daga ƙarshe na ce ɗiyata, ban iya ba, ban taɓa iyawa ba.

Ba ta yi mamaki ba, ba ta kuma tsaya lallashina ba. Ta karɓa ta karanta, ta tambaye ni ranar da na sa hannu, ta ƙirga da yatsunta, sai ta buga tsalle har ɗankwalinta ya zame. Ni na zata abin ya lalace ne, ashe murna take yi. Ta ce takardar kora ce, amma dokar ƙasar nan ta ce macen da aka kora tana da ciki, in ta aika wa mai aikin takardar likita cikin kwana goma sha biyar, korar ta rushe. Yau kwana goma sha uku. Saura biyu! Ta kama hannun matata tana cewa Tanti mun kama su, mun kama su. Ni kuwa na zauna a kan matakala da babbar rigata, ina tunanin da sunan nan ran Laraba aka yi shi, da mun makara.

Washegari da hantsi muna gaban likita. Ya ɗora wani ɗan abu a kan cikinta, sai ɗakin ya cika da wata ƙara mai sauri kamar ana daka a ƙaramin turmi. Na tambaya injin ne ya lalace, likita ya ce zuciyar ɗana ce. Wallahi ban san lokacin da na rungume mutumin nan ba, da farar rigarsa da komi. Muka karɓi takarda muka nufi buron ƙungiyar. A hanya ɗiyar yayana ta ja mini kunne, ta ce wadda za mu tarar a teburin karɓar baƙi namiji aka haife ta, yanzu a mace take rayuwa, har takardunta an canza. An taɓa korar ta daga aiki saboda haka, su suka tsaya mata har ta yi nasara, tun daga nan take zuwa taimaka musu. Ta ce in kira ta madam, in ba zan iya ba in rufe bakina. Ba zan yi muku ƙarya ba, rufe bakina na yi, na zauna nesa ina kallon takalmana.

Lauyarmu ta buga wasiƙa, matata ta karanta da kanta ta sa hannu. Saura 'yar takardar rekomande da ake cikewa, sai matar nan ta teburi ta turo mini ita da bik. Na ce na manta tabarauna. Ta yi dariya da babbar muryarta, ta ce abin mamaki, rabin mazan da ke shigowa nan sun manta tabarau, ita har ta yi tunanin buɗe shagonsa a ƙofa. Ta ɗauki farar takarda ta rubuta adireshin da manyan baƙaƙe, ta ce in kwafa ɗaya bayan ɗaya, hannun da ya ɓoye wasiƙa shi ya kamata ya aika amsarta. Na lalata ta farko. Na lalata ta biyu. Ta jawo durowa ta nuna mini cike take da su, ta ce in lalata son raina, ita ma ta san nauyin ɓoye abu shekara da shekaru, ba ta ga wanda ya mutu ranar da ya sauke ba. Ta ukun ta fita, karkatacciya amma ana karantawa. Lauya ta duba agogo ta ce gidan waya ya kusa rufewa. Ku zo ku ga dattijo mai tumbi yana gudu a titin Lyon da ambulan a sama kamar tuta! Da na dawo da rasit ina haki, na tsaya gaban teburin nan na ce madam, na gode. Ita ce kuma ta rubuta mini inda ake koyar da manya karatu a unguwarmu ta Paris.

Muka hau jirgin komawa, har muka yi rabin hanya. Sannan matata ta ce Malam, tun shekarar da ta zo ƙasar nan ta san ban iya karatu ba, domin doguwar wasiƙa da gajera duk lokaci ɗaya nake gama su. In na yi barci takan ɗauko ta karanta ta mayar inda na ajiye, ta rufa mini asiri don tana ganin girmana. Wannan kaɗai ce ta fi ƙarfinta, don a jikina take kwana. Ta ce rashin karatuna bai taɓa ɓata mata rai ba. Abin da ya ƙona ta shi ne cikin a jikinta yake, aikin da sunanta yake, wasiƙar ita aka aiko wa, amma ni na zauna na yanke komi ni kaɗai ban tambaye ta ba. Na nemi gafararta, ta ce za ta duba.

Kamfanin ya ɗan ja ƙafa, ɗiyar yayana ta sake aika musu wata wasiƙa, sai ga kira matata ta koma bakin aikinta, aka kuma ɗauke ta daga wankin banɗaki har ta tafi hutun haihuwa. Allah Ya ba mu ɗiya mace, ga ta nan ƙarƙashin teburi tana jan ƙafar wandona. Yanzu in na je Lyon ni nake fara gaishe da lauyar mata, kuma duk wanda ya tsokane ta a gabana sai ya ji labarin nan tun daga farko, ko yana so ko ba ya so.

'Yan'uwana maza da ke zaune a ƙasar mutane, abin da na koya ke nan. Al'adarmu ta ɓoye ciki tana da dalilinta a gida, amma a nan doka ba ta iya kare abin da ba a gaya mata ba, kuma tana ƙirga kwanaki ko kana sane ko ba ka sane ba. Ku bar mace ta faɗi abin da ke jikinta ga wanda ya kamata ya ji. Kada ku raina masu tsaya wa mata, ko masu taimakon da kamanninsu bai yi muku ba, ni dai a hannunsu gidana ya tsira. Wanda bai iya karatu ba ya faɗa, ya je ya koya, a ajinmu akwai mai shekara sittin da uku. Ni bayan shekara guda a aji na ɗauko tsohuwar wasiƙar nan na zauna na karanta ta da kaina, daga sama har ƙasa, ta ci mini kusan awa ɗaya. Layin farko bai ba ni wuya ba. Sunan matata ne, kuma na bi takardar har ƙarshe ban ga nawa a ko'ina ba.