Sawun Taya a Hanyar Ajingi

Gaya

Muna idar da sallar asuba muka taru a bakin kasuwar Gaya, ni da abokan aikina uku, dukanmu masu haƙar rijiya. Zamanin Turawa ne, ba a daɗe da gama yaƙin Bama ba. Mun shafe rani muna haƙa wata rijiya a Ajingi har mun kai ga ruwa, amma ƙasar wurin rairayi ce, in ba a ɗaure ta da siminti ba ruwan farko zai rufta da ita. Ga shi kowace la'asar sai hadari ya taso daga gabas, ya watse. En'e ta ba da siminti, aka ɗauko hayar wata babbar mota mai bodin katako ta kai mu.

Direban, Malam Bukar, Babarbare ne, amma a Gaya aka haife shi, a soja kuma ya koyi tuƙi. Ba shi da yawan magana. Muka sha koko da ƙosai, muka loda buhuna, ya ce ni in shiga gaba tunda ni ne babba. Ran nan na fara zama a gaban mota. A bakin gari mai gadin shinge ya ɗaga mana sanda, ya gargaɗe mu cewa in aka yi ruwa zai rufe hanya sai ta bushe.

Kan hanya

Tsakanin Gaya da Ajingi bai fi mil tara ba. Mun ci kamar rabi, rana ta ɗan ɗago, sai na lura motar tana ta neman hagu. Malam Bukar ya dawo da ita, ta sake zamewa. Da muka shiga rairayi sai ta fara tangaɗi, na baya suna salati. Can gabanmu akwai kwalbati a kan wani kwari mai zurfi, faɗinsa daidai mota ɗaya. Ya taka burki tun daga nesa, ya kashe inji.

Abokaina suka roƙe shi ya lallaɓa a hankali, tunda saura kaɗan. Ya girgiza kai.

"Ba zan hau kwalbatin can da ita haka ba. Ban san inda za ta sa ƙafa ba."

Ya ɗauki guntun ƙarfe ya bi tayoyin ɗaya bayan ɗaya yana bugawa, kunnensa a karkace, ya ce iska daidai take. Sai ya zaunar da ni a kujerarsa, ya ce in riƙa juya sitiyari kaɗan-kaɗan, dama da hagu. Shi kuwa ya kwanta a ƙarƙashi. Da na leƙa sai na ga idonsa a rufe, yana ɗora tafin hannu a kan kowace mahaɗar ƙarfe, kamar mai ɗori yana laluben karaya. Ya fito ya ce babu wadda take wasa. Ya sa jak ya ɗaga gaba, ya kama kowace taya sama da ƙasa ya jijjiga. Nan ma babu.

Na ɗauka ya rasa ta yi, don sai ya bar motar ya koma baya da ƙafa. Ya yi nisa, ya tsuguna, ya yafito ni.

"Malam Isa, kai da ka san ƙasa, me ka gani?"

Na ce sawun taya ne kawai. Ya nuna mini da tsinke: ga sawun ƙafar gaba, ga na baya. In mota lafiyarta ƙalau, a miƙaƙƙiyar hanya na baya yana taka na gaba ne. Namu kuwa na baya ya kauce dama wajen taƙi guda, tun daga wani rami da muka faɗa. Ya ce ashe gaban ba shi da laifi, baya ne yake tura ta a karkace.

Ya karɓi igiyata ya auna tsakanin tayar gaba da ta baya, kowane gefe. Na dama ya fi tsawo da yatsa uku. Ya shiga ƙarƙashin bayan, bai daɗe ba ya miƙo mini kan wata ƙusa mai kaurin yatsa, karyayye, bakinsa yana ƙyalli. Ita ce take riƙe sandar ƙafafun baya a tsakiyar sifirin, wato faifayen ƙarfen nan da suke ɗauke da nauyi. Da ta karye sai sandar ta zame. Na tsaya ina juya abin a hannuna. Ɗan wannan ne ya juya motar da muka gaji da loda ta.

Unguwar maƙera

Akwai 'yar unguwa ta gidaje kaɗan a gefen hanya, muna jin bugun maƙera. Tsohon maƙerin ya duba guntun, ya ce zai iya, amma ƙarfen fartanya ba zai ɗauki wannan nauyi ba. Na ciro dagina na haƙa, na ce ya yanka daga gindinsa. Yana zuga, mazan unguwar suka taya mu sauke siminti. Matansu suka aiko da fura, suka ƙi karɓar ko anini.

Aka ɗaga bayan motar, Malam Bukar ya sassauta ƙarafan da suka rungume sifirin, muka ɗaura igiya muka ja sandar gaba har ya ce ta hau. Aka zura sabuwar ƙusa, tsohon ya daddake bakinta da guduma. Gabas kuwa ta yi baƙi ƙirin. Muka mayar da kaya da gudu.

Ya ja motar kaɗan, ya tsaya, ya sauka ya duba. Sawu ya hau kan sawu. Sannan ya yi bisimilla muka hau kwalbatin. Na leƙa ta taga ban ga gefen hanya ba, sai ƙasan kwarin. Ya wuce da yatsu biyu kawai a kan sitiyari.

Ajingi

Mun isa ana kiran la'asar. Aka jibge siminti a zauren mai gari, iska tana kaɗa rigunan mutane. Malam Bukar ko zama bai yi ba, ya yi salla ya juya, kada a rufe masa shinge. Mu kuma muka sauka gidan liman, aka kawo tuwon dawa da miyar kuka. Allah ya taimaka, hadarin ranar iska ce kawai.

Da safe muka shiga rijiya. Ruwan farko ya same mu mun wuce rairayin, bango ya kama, ko ƙasa ba ta zubo ba. Ranar da muka gama, wata tsohuwa da ta saba zuwa fadama da tulu ta ja guga da kanta, ta sha, ta zauna a bakin rijiyar.

Komawa gida

Da ƙafa muka koma, don damina ta kankama, mota ba ta shiga. Muka iso Gaya da hantsi, gero ya kai gwiwa, na tarar da iyalina lafiya. Na nufi gidan Malam Bukar in gaya masa rijiya ta tsaya, aka ce mai motar ya mayar da shi jigila can Nguru. Ban sake ganinsa ba, shi kuma bai taɓa shan ruwan rijiyar ba. Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu, ina kuma roƙon ya shayar da Malam Bukar duk inda yake.