Ba Kunya Ce Ta Ci Umaru Ba

Bana shekara takwas ke nan da muka kai wana Umaru makwancinsa a Magarya, kuma har yau in an ambace shi a taron dangi yabo ɗaya ake yi masa: "Allah sarki, mutum mai kunya." Wallahi na gaji da jin wannan yabon. Umaru raina kansa ya yi, mu kuwa muka laƙaba wa abin suna mai daɗi, kowa ya kama gabansa.

Duk fadamar Wurno ban san wanda ya fi shi iya renon irin albasa ba. Tun daga Goronyo ake zuwa neman dashensa. Amma in baƙo ya tambayi mai lambu, sai Umaru ya nuna ni, ya koma bayan rijiya yana gyaran abin da bai lalace ba. Yana da in'ina, don haka tun yana ƙarami ake ce masa sakarai a gida, shi kuma ya yarda.

Da ciwon ciki ya kama shi, sau uku muna kai shi asibiti. Sau uku likita na tambayar jiki, yana cewa da sauƙi. Kowa na faɗin haka, amma kowa kan ɗora da inda ke masa ciwo. Umaru a nan yake tsayawa. Na tsare shi a hanyar gida, ya ce, "Layi na da tsawo, Sani. Wane ni in tsai da likita?" Ran da aka gane hanjinsa ne ya huje, lokaci ya ƙure. Na san kwana ne ya ƙare, amma haushin bai sake ni ba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami bana shi ne 'yarsa Saratu. Ta gama sakandare da sakamako mai kyau, tana son karatun ungozoma. Sau biyu aka kira ta ganawar ɗaukar ɗalibai, sau biyu tana juyowa daga bakin ƙofa, wai waɗanda ta gani a layi sun fi ta. Dangi suka yi murmushi, kyan ɗa ya gaji ubansa. Ku ji fa!

Wata tsohuwar malamarta da ke Rabah, Malama Hadiza, wadda ta karanci ba da shawara ga masu damuwa, ta ce a riƙa kawo mata ita duk Asabar. Gwaggonmu ta tada ƙura: "Ɗiyarmu mahaukaciya ta? Mi za ta hwaɗa ma baƙuwa da ba ta hwaɗa muna ba?" Na ɗauko babur na kai ta. Babu ƙwaya, babu allura. Malama takan yi tambaya ta jira, ba ta ƙarasa wa yarinyar magana. Takan sa ta faɗi abu ɗaya da ta yi daidai a makon, su kuma gwada ganawar, Malama ce mai tambaya. Da Umaru na raye, na san abin da zai ce: kada a wahalar da Malama saboda mu. Ina ma ya sami mai jiransa haka ya kai ƙarshen magana, ko sau ɗaya.

A Asabar ta shida, muna dawowa, Saratu ta ce in tsaya. Ta sauka, ta dube ni ido cikin ido.

"Baffa, Malama ta tambaye ni maganar wa ta hi yi min ciwo. Taka ta. Kullum kana ce min kamar ubana nike, ban iya komi gaban mutane."

Ni a wasa nake faɗi, ko kuma haka na riƙa gaya wa kaina. Laifi tudu ne, shekara takwas ina tsaye kan nawa ina hango na dangi.

Umaru ya bar mana haƙuri da tsabtar zuciya, waɗannan mu riƙe su. Sunkuyar da kai kuwa ba gadonsa ba ne, mu muka ɗora masa, kuma saura kaɗan in ɗora wa 'yarsa da bakina. Allah ya jiƙansa, ya yafe mana. Na ba Saratu haƙuri a nan bakin hanya, da furfurata. Jibi za ta ganawa ta uku. Ta ce kada in raka ta.