Baba da Kifin Bahar Maliya

Mu Sarkawa ne, masuntan bakin kogin Kwara, can wajen Yawuri. A gidanmu yaro yakan iya tuƙa kwalekwale tun bai iya ɗaure tazugen wandonsa ba. Mahaifina kuwa, in ana hirar kamun giwan ruwa a yankinmu shi ake fara ambata, kuma ya san da haka, ba ya ma ɓoyewa. Ni ne ɗansa na fari, ni ne kuma na watsa masa ƙasa a ido. Na bar ruwa na kama tuƙin mota, har na tsinci kaina a Jidda ina jan motar wani kamfanin kayan gini, da iƙamata ta izinin zama da kafilina da ya tsaya mini, ina zaune a ɗaki guda a unguwar Sharafiyya, saman shagon wani mai gyaran rediyo.

Amma ruwa bai sake ni ba. Na yi aboki a can, Bahaushe haifaffen Jidda, gidansu a unguwar Kurayyat, kakansa ne ya zo aikin hajji da ƙafa ya zauna. Hausarsa kuwa sai addu'a, rabi Larabci ce, sauran rabin ma a karkace take fitowa. Yana da ɗan jirgi mai inji, kuma duk Alhamis ɗin da ba ni da aiki tare muke shiga teku, ba don sayarwa ba, don nishaɗi kawai. Shi ya koya mini kamun kifin Bahar Maliya. Ba sanda, ba gora. Igiyar roba ce naɗe a katako, da dalma a ƙasa don ta nutse, da ƙugiya, sai yankan habbar, wata farar halittar ruwa mai santsi da kifin teku ke mutuwar so. Kifin da kowa ke mafarki shi ne najil, ja ne mai ɗigo-ɗigon shuɗi, yana zaune a bakin raminsa cikin duwatsun murjani. Dokarsa guda ce: da ka ji ya ci, ka ja da duk ƙarfinka, gaba uku ba tsayawa. In ka ba shi ko taki ɗaya ya shige rami, dutse ya yanke igiyar, ka yi ta kallon ruwa.

Shekarar da Allah ya ba ni ikon kawo Baba umra, ya haura saba'in. Muka yi umra, muka yi ziyara a Madina, saura kwana huɗu jirginsa ya tashi. Na kai shi kasuwar Bab Makka ya sayi turare da darduma na tsaraba, ko a jikinsa. Amma da na kai shi bakin teku da la'asar, sai tsoho ya tsaya ƙyam. Ya tsuguna ya ɗebi ruwan ya ɗanɗana, ya tofar, ya tambayi ruwan, ba ni ba, wai akwai kifin kirki a cikin wannan gishirin?

A hanyar komawa gida ya fasa ƙwan. Ashe kafin ya taso ya tara masuntan garinmu ya ce musu zai kawo musu bandar kifin Bahar Maliya wanda ya kama da hannunsa. Har da ƙugiyoyinsa ya zo, a ƙulle cikin tsumma, a ƙasan jakar haraminsa. Na san dalili. Ƙanena ya faɗa mini a kaset ɗin da ya aiko cewa samarin gari sun fara raɗe-raɗin wai hannun tsoho ya mutu. In ya koma hannu rabbana, to sun sami abin faɗa har ranar da za a kai shi makwancinsa. Alhamis guda ce ta rage mana, jirginsa Asabar.

Ranar Alhamis ɗin bayan sallar asuba muka shiga teku a jirgin abokina. Baba ya haye ya zauna a goshin jirgi kamar shi ya sassaƙa shi. Ba mu yi nisa ba ya fara gyara wa abokina tuƙi, da muka tsaya kuma ya gyara masa yadda ake jefa anga. Abokina yana ta cewa to ya ammi, hadir ya ammi, wato an gama baffa, yana ƙifta mini ido. Da aka miƙa masa habbar ya ɗaga shi da yatsa biyu ya ce shi ba zai sa wa ƙugiyarsa majina ba. Ya zaro curin dusa da tuwo da ya kwaɓa tun jiya. Curin bai kai ƙasa ba ƙananan kifaye suka yi walima da shi. Sau uku yana fito da ƙugiya tsirara, sannan ya miƙo hannu a ba shi habbar, bai kalli kowa ba.

Ba a jima ba kifi ya ci. Na ga igiyar ta miƙe, na ga fuskarsa ta washe, na kuma ga abin da nake tsoro. Ya sakar masa igiya. Haka ake yi wa giwan ruwa: ba a jayayya da shi, ana barinsa ya yi ta gudu a faɗin kogi har ya gaji, sannan a lallaɓo shi. Shekara sittin hannun Baba yana yin haka, kuma a Kwara babu wanda ya kai shi iyawa. Igiyar ta yi gudu kaɗan ta tsaya cak, ya ja, ta taho masa sakayau, ba ƙugiya ba dalma. Ya duba bakin yankan ya ce igiyar Larabawa ba ta da ƙwari.

Na biyu ya fi ban dariya, da ina da halin dariyar. Ya hango wata jarka da ba komai a ciki, ya ɗaure igiyarsa a jikinta, da kifi ya ci sai ya wurga ta cikin teku, yadda muke sakar wa giwan ruwa gora ya yi ta ja. Jarka ta yi ɗan tafiya ta tsaya tana lilo, mu ukun muna kallonta. Muka je muka ɗauko, igiya a yanke. Abokina ya buɗe baki zai yi magana na take masa ƙafa, na take ta da kyau.

Mutumin Jidda ba zai gane wannan ba, shi ya sa abokina ya yi ta hararata. Ni ɗan fari ne. Tsakanina da Baba magana ba ta wuce gaisuwa da amsa aike, ko ido ba ma haɗawa. To ni da na gudu na bar ruwa, in dubi mutumin da ake kira daga garuruwa in kifi ya gagara, in ce masa ba haka ake yi ba? A gaban baƙo? Gara jirgin ya kife da mu. In abokina ne ya faɗa masa kai tsaye, to wani yaron Jidda ya koya wa Basarke su, wannan ma ba zai haɗiye ta ba. Ni kuma ga najil biyu na riga na jefa cikin kwando, kowanne ya zame mini abin kunya. Na daina sa wa ƙugiyata komai, ina jefa ta haka nan.

Kafin azahar ya yi asarar kifi biyar. Muka yi salla a cikin jirgi, abokina ya fito da gurasar tamis da wake. Baba ya gutsuri kaɗan ya ajiye. Ya daina zargin igiya, ya daina gyara wa kowa komai, sai juya hannuwansa yake yi yana dubawa, ciki da baya. Wallahi tausayinsa ya kama ni har na ji haushi, haushin teku, da najil, da kaina da na kawo shi.

Sai wata dabara ta faɗo mini. Baba ba ya jin Larabci in ba na salla ba, don haka na karkata wajen abokina da guntun Larabcina na direbobi. Na ce masa zan sa habbar, in kifi ya ci zan sakar masa igiya da gangan, shi kuma ya yi mini faɗa, da Hausa zalla, da ƙarfi, ya faɗi dalili filla-filla. Ban taɓa ganin mutum ya yi murna da aiki irin yadda ya yi ba.

Na jefa. Ina fatan wani ɗan ƙarami ya ci, in sallama shi ba baƙin ciki. Ina! Abin da ya fizgi igiyar nan, a duk shekarun da na yi ina shiga tekun ban taɓa jin irinsa ba. Sai da kafaɗata ta amsa. Hannuna da kansa ya fara ja, na yi gaba ɗaya, na ji nauyinsa yana tahowa, na san in na ƙara biyu nawa ne. Na runtse ido na sake. Igiyar ta zube ta tsakanin yatsuna tana ƙuna, ta tsaya, ta yanke. Har yau in na tuna sai na yi tsaki.

Abokina kuwa ya miƙe tsaye ya kama ƙugu.

"Kai wane irin majnuni ne? Sau nawa ina faɗa maka, haza ba kogi ba ne! Ƙasa duk rami ne, dutse mai kaifi kamar wuƙa. Kifi ya ci, ka ja, ka ja, ka ja, gaba uku, ba numfashi. Ka ba shi igiya, ya shiga gidansa, halas."

Da ya tsaya nan da mun rabu lafiya. Amma mutumin nan ya sami dama. Ya shiga tuƙina, wai a titi ma haka nake, ba na sanin lokacin taka birki. Ya shiga minsharina. Ya ce shekara da shekaru yana koya mini abu ɗaya kamar mai karantar da jaki. Ina sunkuye ina cewa na ji, na tuba, a zuciyata kuwa ina lissafin abin da zan yi masa in mun sauka.

Baba bai juyo ba, yana kallon wancan gefen kamar ba ya jirgin. Can sai na ga ya yage bakin tsumman ƙugiyoyinsa ya naɗe yatsansa. Ya zaɓi ƙugiya mai kauri, ya soka habbar, ya gyara zama ya tokare ƙafa da katakon jirgi.

Da kifin ya ci, ban san tsohon nan yana da sauran ƙarfi haka ba. Hannu bisa hannu, hularsa ta faɗi bai kula ba, yana ja yana yi wa kifin kirari irin na gida. Muka leƙa, ga wani jan abu yana tasowa daga cikin shuɗin ruwa yana juyi. Abokina ya sa hannu ya cafko shi ta kunne ya jefo cikin jirgi. Najil ne, tsawon hannuna har kafaɗa. Baba ya dube shi, ya dube shi, sai ya fashe da dariya, irin wadda rabona da jin ta tun ina yaro. Abokina yana tsalle yana mashallah ya ammi har jirgi na tangaɗi, ni kuwa daɗi ya cika ni, ina ta dariya kamar wawa.

Kafin la'asar ya ƙara uku. Da ya fito da na ƙarshe sai ya juya ga abokina ya fara yi masa bayani, wai kifin nan ba a ba shi igiya, ja ake yi nan take, ya riƙe wannan da kyau zai yi masa amfani. Abokina ya ce hadir ya ammi, ya kuma gode.

Washegari bayan an sauko Juma'a muka hau rufin gidan da nake haya da rabin durom da gawayi. Hayaƙi ya cika unguwa, mai gyaran rediyo ya hawo yana ƙorafi, ya sauka da kan kifi a takarda yana sa albarka. Baba yana zaune a kan tabarma yana tsaga kifin yana barbaɗa gishiri, ni ina fifita wuta. Mu biyu ne kawai. Sai ya yi magana, idonsa a kan wuƙa.

"Wanda ka saki jiya ya fi nawa girma."

Na ce kuɓuce mini ya yi, Baba.

"Bai kuɓuce ba. Ina kallon hannunka ta gefen ido. Ka riga ka raba shi da raminsa, sannan ka buɗe yatsu." Ya juya kifin ya ci gaba da tsagawa. "Ni da na kama kifi shekara sittin, ban taɓa sakar wa wani irin wannan ba, ko ubana. In ka gama da wutar, zo ka nuna mini yadda kuke ɗaure dalmar nan. Naka ɗaurin ya fi nawa riƙewa."

Na ce to. Daɗi da kunya suka haɗu suka hana ni tashi, na ci gaba da fifita wutar da ta riga ta kama. Shi kuwa ya goge hannunsa, ya matsa ya bar mini wuri a kan tabarmar, yana jira.